Yadda Ake Zana Karkara da Fenti Kamar Yadda Take a Yau

Duk wanda ya ɗauki burushi da niyyar zana karkara, tun kafin ya fita daga gida akwai wani hoto da ya riga ya zauna masa a zuciya: bukka a gindin bishiya, siririyar hanya ta ratsa gona, rana tana shirin faɗuwa. Wannan hoton daga kalanda da bangon littattafai ya samo asali, kuma shi ne yake hana mai zane ganin abin da ke gabansa. Karkarar yau tana da turakun lantarki da wayoyinsu, da rufin kwano mai ɗaukar ido, da farantan sola, da ƙarfen sabis na wayar salula wanda ya fi kowace bishiya tsawo, da tarakta da ta lalace aka bar ta a bakin gona. Zanen karkara na zamani shi ne wanda ya yarda ya dubi duk waɗannan tare da gonar da bishiyar, ya ba kowanne haƙƙinsa na haske da inuwa. Hanyar da zan bayyana a nan ta mai farawa ce, amma ita ce dai ƙwararru suke bi, sai dai hannunsu ya fi sauri.

Fita fili da fenti bai daɗe da zama abu mai sauƙi ba. Kafin shekarar 1841, lokacin da wani mai zane Ba'amurke, John Goffe Rand, ya ƙirƙiro bututun fenti mai matsewa, a mafitsarar dabba ake ɗaure fentin mai, kuma da zarar an huda ta sai ya fara bushewa. Wannan ɗan bututu ya taimaka ƙwarai wa masu zanen Faransa da suka taru a ƙauyen Barbizon, irin su Théodore Rousseau, da waɗanda suka biyo bayansu, wajen kai aikinsu bakin gona. A zamaninmu, mai zane ɗan Ingila David Hockney ya koma gabashin Yorkshire a Ingila ya shafe shekaru yana zana hanyoyin gona da bishiyoyin gefensu, kuma a 2007 ya yi wani zane na rukunin bishiyoyi kusa da ƙauyen Warter a kan ƙyalle 50 da aka jera wuri ɗaya, faɗinsa ya haura mita 12. Ya zana ƙyallayen ne a fili kashi-kashi, yana haɗa hotunansu a kwamfuta domin ya ga yadda aikin yake tafiya gaba ɗayansa. Wurin da ya zaɓa kuwa gefen hanya ne kawai, irin wanda mota take wucewa ba tare da kowa ya waiwaya ba.

Zaɓen wuri da shirin farko

Ka zaɓi wurin da za ka iya komawa sau da yawa ba tare da wahala ba, domin zuwa ɗaya ba ya isa a san wuri. A zuwan farko kada ka ɗauki fenti, littafin zane da fensir sun wadatar. Ka zagaya, ka tsuguna, ka hau tudu, ka lura da inda inuwa take faɗawa da safe da kuma inda take komawa da yamma. Idan gonar wani ce, ka nemi izininsa, ka kuma tsaya a inda ƙafarka ba za ta taka shuka ba. Mafi kyawun tsayuwa ga mai farawa ita ce rana ta kasance a gefensa, dama ko hagu, saboda a nan ne kowane abu yake rabuwa gida biyu, ɓangaren haske da ɓangaren inuwa, har siffarsa ta fito. Idan rana tana bayanka komai zai zama shimfiɗaɗɗe babu inuwa, idan kuma tana gabanka komai zai zama baƙi, ga ido yana shan wuya.

Fili ba shi da iyaka, allo kuwa yana da kusurwa huɗu, don haka sai ka yanka 'yar taga a jikin kwali wadda tsawonta da faɗinta suka yi daidai da siffar allonka. Ka riƙe ta a gabanka, ka rufe ido ɗaya, ka matsar da ita kusa ko nesa har abin da ke cikinta ya zauna. Daga nan ka yi ƙananan zane uku ko huɗu da fensir, kowanne bai wuce tafin hannu ba, kuma kada ka sa komai a cikinsu sai manyan siffofi biyar zuwa bakwai da matakin haske uku: fari, toka da baƙi. Domin ka ga waɗannan siffofi, ka runtse idanunka rabi har ganyaye da ciyayi su narke su zama dunƙule. Wannan aikin na minti goma shi ne mutane suka fi tsallakewa, kuma a ganina shi ne ya fi yanke hukunci a kan ko zanen zai tsaya ko zai rushe, domin tsarin da bai yi kyau da fensir ba, launi ba zai gyara shi ba.

A wannan matakin ne kuma za ka yanke inda layin da sama ta haɗu da ƙasa zai zauna. A fili shimfiɗaɗɗe wannan layin yana daidai da tsayin idonka. Idan gajimare ne ya ja hankalinka, ka saukar da layin ka ba sama kashi biyu cikin uku na allon. Idan kunyoyin gona ne da launin ƙasa, ka ɗaga shi sama. Raba allo daidai wa daida yakan sa mai kallo ya rasa inda zai sa ido, sai fa idan da gangan ka yi haka.

Kayan aiki ba sa bukatar dogon bayani. Allo ƙarami, kamar santimita 24 da 30, wanda aka yi wa farin shafe na farko, ya fi babba amfani a fili. Ka shafe shi tun daga gida da tsinkakken launin ƙasa, domin farin allo a cikin rana yana ruɗin ido, ya sa kowane launi da ka ɗora ya yi kamar ya yi duhu. Launuka shida ko bakwai sun isa: farin titaniyom, rawaya mai haske, rawayar ƙasa da ake kira oka, ja, ruwan ƙasa mai ja da ake kira siyena, shuɗin altiramarin, da wani shuɗi mai karkata zuwa kore. Ka ɗauki burushi mai faɗi uku ko huɗu da siriri guda ɗaya, da wuƙar haɗa fenti, da tsumma, da laima fara ko mai launin toka, tun da laima mai launi takan zuba launinta a kan aikin. Fentin mai yana jinkirin bushewa, don haka yana ba da damar gyara. Akirilik, wato fentin roba da ake tsinkawa da ruwa, yana bushewa cikin mintoci kuma yana ɗan ƙara duhu idan ya bushe, fentin ruwa kuwa haske yake ƙarawa. Bayanin da ke tafe ya fi shafar na mai da akirilik.

Haske da duhu kafin launi

Wani mai zane kuma malami a Amurka, John F. Carlson, ya koyar da wata ƙa'ida a farkon ƙarni na 20 wadda har yau ake amfani da ita. Ya raba fili gida huɗu gwargwadon yadda kowane ɓangare yake fuskantar sama. Sama ita ce tushen haske, don haka ita ce mafi haske. Ƙasa shimfiɗaɗɗiya tana kallon sama kai tsaye, ita ce ta biyu. Gangaren tudu da tsauni suna samun hasken a karkace, su ne na uku. Abubuwan da suke tsaye, wato bishiyoyi da bango da shinge, su ne mafi duhu. Mai farawa yakan yi ciyawar ƙasa da ganyen bishiya da duhu iri ɗaya saboda dukansu kore ne, sai bishiyar ta manne da ƙasa, zanen ya rasa zurfi. Idan ka kiyaye waɗannan matakai huɗu, ko da launukanka ba su yi daidai ba, zanen zai yi kama da fili.

Ƙa'idar tana da togaciya, kuma karkarar zamani cike take da ita. Rufin kwano da rana ta buga yakan fi sama haske. Haka ma farin bango da rana ta haska daga gefe, da busasshen yashi a ƙarƙashin hadari, lokacin da sama ta yi baƙi ƙasa kuma tana ƙyalli. Saboda haka kada ka dogara da ƙa'idar ido rufe. Ka runtse ido ka tambayi kanka wane ne ya fi haske tsakanin abubuwa biyu da suke maƙwabtaka, ka ci gaba da wannan tambayar har ka gama aikin.

Idan ka fara ɗora fenti, ka zana iyakokin manyan siffofin da tsinkakken ruwan ƙasa, sannan ka cika wuraren duhu da na inuwa da fenti marar kauri. Ka yi wannan cikin minti ashirin na farko, kuma da zarar ka kafa inuwa kada ka canza ta. Rana tana tafiyar digiri 15 a kowace awa, ma'ana bayan awa biyu inuwar da ka fara da ita ta ƙaura, kuma wanda yake bin ta yana gyarawa zai ƙare da zane mai safiya a gefe ɗaya da azahar a ɗaya gefen. Claude Monet, mai zane ɗan Faransa, lokacin da yake zana tarin damman hatsi kusa da gidansa a Giverny a 1890 da 1891, yakan ajiye ƙyalle da yawa a gefensa, idan haske ya canza sai ya ajiye wannan ya ɗauki wani. Kai da kake da allo ɗaya, ka tsaya bayan awa biyu, ka dawo washegari a daidai wannan lokacin idan yanayi bai canza ba. Bayan duhu sai matsakaitan launuka, sannan masu haske a ƙarshe da fenti mai kauri. Ka rufe allon gaba ɗaya da fenti kafin ka ƙawata kowane ɓangare, domin ba a sanin ko launi ya yi daidai sai an ga maƙwabtansa.

Kore shi ne babbar jarrabawar mai zanen karkara, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Koren da yake fitowa daga bututu ya fi na kowace shuka tsananin launi, idan aka shafa shi yadda yake sai gona ta yi kama da roba. Gara ka haɗa naka. Altiramarin da oka suna ba da kore mai nauyi irin na tsohuwar bishiya. Rawaya mai haske da shuɗi mai karkata zuwa kore suna ba da na sabon tsiro bayan ruwan sama. Kusan kowane kore da ka haɗa yana bukatar ɗigon ja ko siyena domin ya kwanta, kuma wannan ɗigon shi ne bambancin ganye da fentin ƙofa. Ka dubi gona ɗaya da kyau, za ka ga aƙalla kore uku a cikinta: saman ganyen da yake kallon sama yana ɗauke da shuɗi-shuɗi ko toka, ganyen da rana ta ratsa ta bayansa yana rawaya kamar an kunna masa fitila, can ƙarƙashi kuma akwai duhu mai ɗumi inda launin ƙasa yake haskowa. A kusa da ƙafarka ƙasa tana leƙowa tsakanin shuke-shuke, a nesa kuwa ganye ya rufe ta, saboda haka gaban zanen yakan fi bayansa ja. Idan ka bar launin ƙasar da ka shafa tun farko yana leƙowa nan da can, rabin wannan aikin ya yi kansa. Kada ka ƙara wa kore haske da fari kaɗai, domin fari yana sanyaya launi ya mai da shi kamar alli. Ka haɗa farin da rawaya.

Nisa yana samuwa ta hanya biyu. Ta farko ita ce aikin iska, wanda mai zane ɗan Italiya Leonardo da Vinci ya yi bayaninsa tun ƙarnoni biyar da suka wuce: duk abin da ya yi nisa, iska da ƙura da danshin da ke tsakaninka da shi suna rage masa duhu, su rage masa ƙarfin launi, su karkatar da shi zuwa shuɗi. Rawaya ce take fara ɓacewa, sannan ja. Don haka bishiyar da ke nesa ba za ta taɓa kai ta kusa duhu ba, ko da iri ɗaya ne, kuma gefenta ya kamata ya yi laushi. Hanya ta biyu ita ce ta layi. Kunyoyin gona da gefen hanya da jerin turaku duk suna tafiya su haɗu a ɗigo ɗaya a kan layin idonka, tazarar da ke tsakanin turakun kuma tana raguwa da sauri fiye da yadda hankali yake zato. Ka miƙa hannu da burushi, ka auna tsayin turke na farko da na uku da babban yatsa, ka yarda da abin da awon ya nuna. Idan za ka sa mutane a fili shimfiɗaɗɗe alhali kana tsaye, kawunansu duka za su kasance kusa da layin ido, na kusa da na nesa, ƙafafunsu ne kawai suke hawa sama yayin da suke nisa.

Sama ba launi ɗaya ba ce. A saman kai shuɗinta ya fi zurfi, tana sauka tana haske tana ɗumi har ta kusa zama fari mai ɗan rawaya a bakin ƙasa. Gajimare ma yana bin dokar nisa, na saman kai manya ne kana ganin cikinsu, na nesa ƙanana ne shimfiɗaɗɗu a matse. Bishiya kuwa ka fara ta a matsayin dunƙule mai gefen haske da gefen inuwa, sannan ka huda ta da launin sama a wurare kaɗan. Waɗannan 'yan ramuka ka sa su ɗan fi sauran sama duhu, domin ƙananan rassa suna tare wani ɓangare na hasken, idan kuma ka yi su da haske sosai za su yi kamar an liƙa takarda a jikin bishiyar.

Abubuwan zamani a cikin zanen

A nan ne ra'ayina yake da ƙarfi. Mai zane yana da 'yancin matsar da bishiya ko rage yawan turaku domin tsarin zanen ya zauna, wannan ba ƙarya ba ce. Amma wanda ya share duk wata alamar zamani daga ƙauye domin ya yi kyau a bangon falo, ya zana wurin da babu shi, kuma ya mai da mutanen da suke zaune a can kamar ba su cikin wannan ƙarni. Bayan haka ma, waɗannan abubuwa suna da amfani ga tsarin zane. Fili shimfiɗaɗɗe cike yake da layuka a kwance, turke ko ƙarfen sabis shi ne yake ba da layi a tsaye wanda zai ɗaure sama da ƙasa.

Wayar lantarki ba ta tafiya a miƙe, tana lanƙwasa ne tsakanin turke da turke saboda nauyinta. Ka ja ta da siririn burushi ko gefen wuƙa a motsi ɗaya, daga kafaɗa, bayan fentin sama ya ɗan kama. Kada ka yi ta da baƙi, toka mai shuɗi ta isa, kuma ka bar ta ta yanke a wasu wurare, musamman inda sama ta fi haske, domin haka ido yake ganinta. Farantin sola yakan ɗauki launin saman da yake fuskanta, wani lokaci shuɗi mai duhu, wani lokaci fari fat, don haka ka zana abin da ka gani a wannan sa'ar. Tsohon rufin kwano yana da tsatsa mai launin siyena wadda take zama da kyau kusa da kore, sabo kuwa ka ajiye masa fenti mafi haske da mafi kauri a duk allon. Mota ko tarakta ka ɗauke ta kamar yadda ka ɗauki bishiya, dunƙule mai sama da gefe da inuwa a ƙarƙashi, ba tare da ƙirga ƙusoshinta ba. Inuwar ƙarƙashin ita ce take zaunar da ita a ƙasa.

Daga fili zuwa ɗakin aiki

John Constable, mai zane ɗan Ingila, a 1821 da 1822, ya yi zanen gajimare masu yawa a Hampstead da ke arewacin Landan, kuma a bayan da yawa daga cikinsu ya rubuta kwanan wata da sa'a da inda iska take kaɗawa. Wannan ɗabi'a ce da ta cancanci a ɗauka. Ka rubuta a bayan allonka lokaci da yanayi da inda rana take, domin bayan wata guda ba za ka tuna ba. Ka ɗauki hoto da waya ma, amma ka san iyakarsa: kyamara tana mai da inuwa baƙa ƙirin, tana wanke launin sama, kuma gilashin idonta mai ɗaukar wuri mai faɗi yana ƙanƙantar da tsaunin da ke nesa ya ture shi baya. Hoto yana da amfani wajen tuna siffar gini ko yawan rassa, launi da haske kuwa daga ƙaramin zanenka na fili za ka ɗauko su.

Idan za ka mai da ƙaramin zane babba, ka tabbata siffar allunan biyu ɗaya ce, ka raba kowanne gida-gida da layuka daidai, ka kwashe manyan siffofi daga gida zuwa gida. Burushin ma ya girma tare da allon, in ba haka ba za ka cika sabon filin da ƙananan abubuwan da ba ka gani ba. A fentin mai, shafen ƙasa ya kasance marar mai sosai, kowane shafe da ya hau kansa ya fi shi mai, domin idan na sama ya riga na ƙasa bushewa zanen zai tsage. Ka riƙa ja da baya mita biyu ko uku kana dubawa, ka kuma kalli aikin ta madubi, wanda yake tona karkacewar da ido ya saba da ita. Ka yi aiki a ɗaki mai iska idan kana amfani da tina, wato ruwan tsinka fenti, kuma kada ka sa burushi a baki, saboda wasu launuka, irin na kadmiyom, suna da guba.

Ɗanyen allo ana ɗauko shi daga fili ne a akwati mai tsaga, ko a haɗa biyu fuska da fuska da 'yan ƙananan katako a kusurwoyi domin kada su taɓa juna. A gida ka jingina shi fuskarsa na kallon bango saboda ƙura, a wuri mai iska da ba rana kai tsaye. Fentin mai yakan bushe a taɓa shi cikin kwanaki, amma cikinsa yana ɗaukar lokaci mai tsawo, don haka kada a shafa masa banish, wato shafen ƙarshe mai kare fenti, sai bayan wata shida, ko shekara guda idan fentin yana da kauri.